Bala Miller (1928-2003): Jagoran Makaɗa da Ya Kai Kiɗa Makaranta

Gabatarwa

Manazarta waƙar baka sun saba karkasa makaɗan Hausa zuwa na fada da na jama'a da na sana'a, kuma a kusan kowane rukuni gado ne ƙofar shiga. Yaro kan tashi a gidan kiɗa, ya fara da amshi, ya riƙi kalangu ko kotso, har ranar da zai zama uban kiɗa. Bala Miller bai bi ta wannan ƙofa ba, shi ya sa sunansa bai cika fitowa a rubuce-rubucen masana ba. Wannan maƙala tana ganin cewa muhimmancinsa yana ga ƙoƙarin da ya yi na mayar da kiɗa ilimin da kowane ɗa zai iya koya.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Bala Miller a Pankshin, cikin Jihar Filato ta yanzu, a shekarar 1928. Mahaifinsa limamin coci ne daga cikin Kiristocin farko na ƙasar Zazzau, al'ummar da ta taso a hannun Dokta Walter Miller, ta kuma kafu a Wusasa. Aikin mahaifin ya kai iyalin Lakwaja, inda yaron ya saba da kayan badujala, ya shiga ƙungiyar kiɗan makarantarsu. Daga nan ya wuce makarantar sakandaren CMS da ke Legas.

A Legas ya tarar da kiɗan hailaif yana tashe. Da rana yana aikin kamfani, da dare yana busa ƙaho ko kaɗa jita, ya kuma yi hulɗa da makaɗa irin su Samuel Akpabot da Victor Olaiya. A nan ya ga yadda ake tsara ƙungiya mai kayan busa da na tsirkiya da ganguna, kowane da gurbinsa, duk suna bin jagora ɗaya.

Malanta da Jagoranci

Bayan dawowarsa Arewa, ya zauna a Kaduna. A 1973, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya jagoranci kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Wannan ba ƙaramin mataki ba ne a cikin al'ummar da ke haɗa kiɗa da roƙo, take kuma ajiye makaɗi a ƙasan matakan daraja. Makarantar ta zo da wata fahimta dabam: ɗalibi zai zauna gaban malami, ya koyi sarrafa kayan kiɗa bisa ƙa'ida, ya fita da sana'ar da ba ta rataya ga kyautar ubangida ba.

A 1977, shekarar da Nijeriya ta karɓi baƙuncin bikin FESTAC, ya kafa babbar ƙungiyarsa ta Pyramids a Kaduna, sunan da kan tuna wa Bakano dalar gyaɗa. Ya tara matasa, ya horar da su da kansa, har ƙungiyar ta zama makaranta ta biyu. Da ita ya ɗora kalmomin Hausa a kan amon hailaif, kuma waƙarsa *Ikon Allah* ta fi sauran bazuwa. A shekarun 1980, shirinsa na gidan talabijin na NTA ya shigar da shi gidajen jama'a a faɗin ƙasa, ya kuma ba makaɗa masu tasowa filin nuna kansu.

Kammalawa

Bala Miller ya rasu a 2003, lokacin da kiɗan fiyano na finafinan Hausa ya riga ya mamaye kasuwa, mutum ɗaya a sutudiyo yana maye gurbin ƙungiya guda. Matasan da ke wannan kiɗa yawancinsu ba su gaje shi ba, kamar dai yadda ya yi fata, sai dai kuma kaɗan ne suka sami horon da ya so a ba su. Akwai buƙatar sassan nazarin Hausa su tattara fayafayansa da hotunan shirinsa, su kuma zanta da ɗalibansa da suka rage, tun kafin ƙasa ta rufe idanunsu.