Biktor Shelsher, Bafaranshen da ya tsaya kan ƴanta bayi (1804–1893)

An haifi Biktor Shelsher a birnin Paris ran 22 ga watan Yuli na shekarar 1804. Mahaifinsa attajiri ne mai masana'antar kwanonin tangaran, asalinsa daga yankin Alzas. A shekarar 1829 ya tura ɗan nasa ƙasashen Amurka neman kasuwa. A wannan tafiya saurayin ya ratsa Meksiko da tsibirin Kuba, inda ya ga baƙar fata da aka kwaso daga Afirka suna noman rake, bulala a bayansu, mari a ƙafarsu. Ya koma gida da ciniki kaɗan, amma da abin da zai cinye sauran rayuwarsa.

Da fari ra'ayinsa bai wuce na yawancin masu ilimi na zamaninsa ba. Yana ganin a hana safarar bayi, a sassauta azaba, sa'an nan a ƴanta su sannu a hankali cikin shekaru masu yawa. Sai da ya sake tafiya a 1840, ya zagaya tsibiran Martinik da Gwadalup, ya shiga gonaki da gidajen kurkuku, ya kuma ziyarci Jamaika inda Ingila ta riga ta ƴanta bayi. Nan ya gane cewa ba a koya wa mutum zaman ɗa alhali yana ɗaure. A 1842 ya fito da littafi yana neman a kashe bauta nan take.

Faransa ta taɓa kashe bauta a 1794, lokacin babban juyin juya halinta, amma Napoleyon ya maido da ita a 1802. Shelsher ya san wannan tarihi, shi ya sa bai yarda da jinkiri ba. Yana Senegal yana binciken halin bayi a ƙarshen 1847. Cikin watan Fabrairu na 1848 mutanen Paris suka tumɓuke sarki Luwi-Filip, aka kafa jamhuriya. Shelsher ya iso a farkon Maris, ya je wurin Faransuwa Arago, ministan jiragen ruwa da ƙasashen mallaka, wanda masu gonaki suka so ya dakata har a yi zaɓe. Ya shawo kansa, aka naɗa shi ƙaramin minista da shugaban kwamitin tsara doka. Ran 27 ga Afrilu 1848 gwamnati ta sa hannu. Mutane wajen 250.000 suka fita daga bauta, aka kuma ba mazansu ikon jefa ƙuri'a.

To, amma labarin ba na mutum guda ba ne. Kafin jirgin da ke ɗauke da takardar ya isa Martinik, bayin tsibirin sun yi tawaye ran 22 ga Mayu, gwamna ya shelanta ƴancinsu kashegari. Na Gwadalup suka samu ran 27 ga Mayu, na tsibirin Reyiniyo sai 20 ga Disamba. Akwai kuma tabo a al'amarin: a 1849 majalisa ta yanke diyyar faran miliyan 126 ga iyayengiji. Bayin da suka yi aikin kuwa ba su sami ko taƙin gona ba, ko da yake Shelsher ya so a duba haƙƙinsu.

An zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Martinik. Da Luwi-Napoleyon ya yi juyin mulki ran 2 ga Disamba 1851, Shelsher na cikin waɗanda suka fito titi suna ƙi. Ya yi gudun hijira zuwa Landan, ya ƙi karɓar afuwar 1859, bai dawo ba sai 1870. A 1875 ya zama sanata na har abada. Ya yi ta fafutukar kashe hukuncin kisa, ya rubuta tarihin Tusen Lubertir, jagoran bayin Hayiti, ya kuma ba Martinik dubban littattafansa. Ya rasu ran 25 ga Disamba 1893. A 1949 aka mai da gawarsa Panteyo, makwancin manyan Faransa, rana ɗaya da Feliks Ebuwe.

Dokar 1848 ba ta hana Faransa ci gaba da mamayar Afirka ba, kuma Shelsher kansa bai ƙi mulkin mallaka ba. A Afirka ta Yamma sai a 1905 aka fito da dokar hana mai da mutum bawa, a Nijar kuma a 2003 aka tanadi hukuncin ɗauri ga mai bautar da ɗan'uwansa. Ran 22 ga Mayu 2020 wasu matasan Martinik suka kayar da mutum-mutuminsa biyu, suna cewa an ɗaukaka sunansa an mance da kakanninsu da suka tashi da kansu. Wasu kuma suka kare shi, suna tuni da shekaru goma sha takwas da ya yi yana rubutu da yawo kafin a sa hannu kan dokar.