Booker T. Washington

Booker Taliaferro Washington (an haife shi ranar 5 ga Afrilu, 1856, ya mutu ranar 14 ga Nuwamba, 1915) malamin makaranta ne kuma marubuci, baƙar fata ɗan ƙasar Amurka. An haife shi cikin bauta, daga baya ya zama shugaban farko na makarantar horon malamai ta Tuskegee da ke jihar Alabama, wadda a yau ake kira Jami'ar Tuskegee. Shi ne kuma ya kafa ƙungiyar 'yan kasuwa baƙar fata ta ƙasa a shekarar 1900. Daga 1895 har mutuwarsa babu baƙar fatar da ya kai shi faɗa a ji a Amurka, sai dai har yau ana jayayya a kan hanyar da ya bi ya samu wannan matsayi.

Farkon rayuwa

An haife shi a gonar wani mai bayi, James Burroughs, kusa da Hale's Ford a jihar Virginia. Mahaifiyarsa Jane baiwa ce, ita ke dafa abincin gidan. Mahaifinsa farar fata ne, kuma bai taɓa ɗaukar nauyinsa ba. Yana da shekara tara aka gama yaƙin basasar Amurka a 1865, bayi suka samu 'yanci, sai Jane ta kwashi 'ya'yanta zuwa Malden a West Virginia, inda mijinta Washington Ferguson yake aiki a masana'antar gishiri.

Nan aka sa yaron aikin ɗura gishiri a ganga, daga baya ya shiga haƙar kwal. Abu na farko da ya iya karantawa shi ne lamba 18, wadda ake rubutawa a jikin gangunan mijin mahaifiyarsa. Sunan Washington ma shi ya laƙaba wa kansa ranar da ya shiga makaranta ya ji kowane yaro yana da suna biyu. Ya kuma yi aikatau a gidan Viola Ruffner, mace mai tsananin son tsafta da tsari.

Karatu

A 1872 ya kama hanyar makarantar Hampton a Virginia, tafiyar kusan mil 500, wani wuri a keken doki, wani wuri a ƙasa. Janar Samuel Chapman Armstrong ne ya kafa makarantar a 1868 domin horar da 'yantattun bayi su zama malamai, tare da koya musu aikin hannu. Washington ya isa kusan ba ko sisi, tufafinsa sun yi daƙal-daƙal. Babbar malamar makarantar, Mary Mackie, ta ba shi tsintsiya ta ce ya share wani aji. Da ta duba ba ta ga ƙura ba, sai ta karɓe shi, kuma da aikin shara ya riƙa biyan kuɗin abinci da makwanci.

Ya gama a 1875, ya koma Malden ya koyar, ya ɗan yi karatu a makarantar Wayland da ke birnin Washington, sannan Armstrong ya dawo da shi Hampton a 1879 ya riƙa koyar da ajin dare.

Tuskegee

A 1881 majalisar dokokin Alabama ta amince a buɗe makarantar horon malamai baƙar fata a garin Tuskegee. Wanda ya yi ruwa ya yi tsaki a kan maganar shi ne Lewis Adams, tsohon bawa wanda ya iya ƙira da dukanci. Majalisa ta ware dala 2,000 a shekara, amma na albashin malamai ne kawai, babu fili, babu gini. Da aka nemi Armstrong ya turo shugaba, sai ya ba da sunan Washington, yana ɗan shekara 25. An buɗe makarantar ranar 4 ga Yuli, 1881, da ɗalibai 30, a wani tsohon ɗaki kusa da coci. Yawancinsu ma malaman ƙauye ne da suka daɗe suna koyarwa ba tare da horo ba.

Kafin a buɗe, Washington ya zagaya ƙauyukan yankin yana kwana a gidajen manoma, kuma abin da ya gani shi ya tsara masa manhaja. Manomi ba shi da gonar kansa. Auduga kaɗai yake shukawa, har bakin ƙofa, abinci kuwa sai ya ci bashi wurin mai kanti da ruwa mai yawa, a biya da kaka. Ana zuwa kaka bashin ya cinye audugar. A wasu gidajen ya tarar da keken ɗinki ko agogon bango mai tsada da aka saya bashi, alhali cokali ɗaya iyali ke karɓa-karɓa da shi. Makarantun ƙauye kuma wata uku zuwa biyar suke yi a shekara. Daga nan ya yanke cewa malamin da ya iya nahawu kawai ba zai tsinana wa irin wannan ƙauye komai ba. Wanda ake bukata shi ne wanda zai koyar da yara, ya nuna wa iyayensu noman abinci da lissafin bashi, ya kuma tara kuɗin gina aji da tsawaita zangon karatu.

Da rancen da ya samu daga ma'ajin Hampton ya ba da kafin alƙalami na wata tsohuwar gona mai eka 100, wadda kuɗinta dala 500 ne. Ɗalibai ne suka share dajin, su suka yi gine-ginen. Gasa tubali ya ba su wahala ƙwarai: sau uku matoyar tana lalacewa, har Washington ya jinginar da agogonsa a kan dala 15 aka gwada ta huɗu, ita ce ta yi. Da yake babu mai yin jan tubali a garin, fararen fata suka fara zuwa saye. Wannan ya ƙarfafa masa ra'ayin da ya riƙe har mutuwa, cewa wanda ya iya yin abin da kasuwa ke bukata, ko maƙiyinsa zai zo ƙofarsa.

A hankali aka ƙara kafinta, ƙira, ɗinki, ɗab'i, haɗa keken doki, yin katifa da girki. Ɗalibin da ba shi da kuɗi yakan yi aiki da rana ya shiga aji da dare, ladansa kuma a ajiye masa domin karatun gaba. A 1892 aka fara taron manoma na shekara-shekara, a 1896 kuma masanin noma George Washington Carver ya zo ya karɓi sashen aikin gona.

Ƙungiyar 'yan kasuwa

A 1900 Washington ya kira taro a Boston inda aka kafa National Negro Business League, da tallafin attajiri Andrew Carnegie. Shekara guda kafin nan W. E. B. Du Bois ya shirya taro a Jami'ar Atlanta a kan baƙar fata da kasuwanci, inda aka kawo shawarar kafa irin wannan ƙungiya, amma Washington ne yake da mutane da kuɗin aiwatarwa.

A wancan zamani karatun kasuwanci a jami'a sabon abu ne, kuma kaɗan ne daga baƙar fata ke samun shiga. Taron shekara-shekara na ƙungiyar sai ya zama kamar makaranta. Wanzamai, masu kantin kayan abinci, masu shirya jana'iza da masu ƙananan bankuna kan tashi ɗaya bayan ɗaya su faɗi jarin da suka fara da shi da yadda suka riƙe ciniki. A taron 1912 a Chicago, Madam C. J. Walker, mai kamfanin man gashi, ta miƙe ta yi magana ba tare da an ba ta dama ba. A shekara mai zuwa aka sa ta cikin masu jawabi. Ƙungiyar ta yi rassa ɗaruruwa, kuma a 1907 Washington ya wallafa littafin The Negro in Business.

Jawabin Atlanta da suka

Ranar 18 ga Satumba, 1895, ya yi jawabi a wani baje koli a Atlanta a gaban fararen fata da baƙaƙe. Ya shawarci mutanensa su mai da hankali ga sana'a da mallakar dukiya, su jinkirta neman daidaito a zamantakewa da siyasa. Fararen fata sun yi na'am, kuɗi suka fara kwararowa. Carnegie kaɗai ya ba Tuskegee dala 600,000 a 1903. Littafin tarihin rayuwarsa, Up from Slavery, ya fito a 1901, shekarar da Shugaba Theodore Roosevelt ya gayyace shi cin abinci a fadar White House, abin da ya harzuƙa jaridun kudu.

To amma a daidai waɗannan shekaru ne jihohin kudu suke ƙwace wa baƙar fata ƙuri'a, ana kuma yawaita kashe su ba tare da shari'a ba. A littafinsa The Souls of Black Folk na 1903, Du Bois ya ce ɗan kasuwar da ba shi da ƙuri'a ba zai iya kare dukiyarsa ba, kuma makarantar koyon sana'a ba za ta tsaya ba sai da malaman da suka yi babban karatu. Hujja ta biyun tana da ƙarfi, domin Carver ya yi digiri a Iowa, mai zanen gine-ginen makarantar Robert Taylor ya fito daga MIT, matar Washington ta uku kuma daga Jami'ar Fisk. Washington bai iya jure suka ba. Ya yi amfani da kuɗi da sanayya wajen danne jaridu da mutanen da ke adawa da shi. Takardunsa da aka bincika bayan mutuwarsa sun nuna kuma cewa a ɓoye ya biya kuɗin wasu shari'o'i na ƙalubalantar hana ƙuri'a da aikin tilas saboda bashi a Alabama.

Makarantun ƙauye da Afirka

A 1912 ya shawo kan Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, aka gwada gina makarantu shida a ƙauyukan Alabama, da sharaɗin mutanen gari su kawo nasu kason. Zuwa 1932 shirin ya gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15. A farkon ƙarni na 20 wata tawaga daga Tuskegee ta je Togo, wadda ke hannun Jamus a lokacin, domin noman auduga. John Dube na Afirka ta Kudu ya kafa makarantar Ohlange bisa tsarin Tuskegee.

Iyali da mutuwa

Ya yi aure sau uku. Fanny Smith ta mutu a 1884, ta bar 'ya ɗaya, Portia. Olivia Davidson, mataimakiyarsa wadda ta sha wahalar tara wa makarantar kuɗi, ta haifa masa maza biyu kafin ta mutu a 1889. Ta uku ita ce Margaret Murray.

A watan Nuwamba 1915 ciwo ya kwantar da shi a New York, ya nace a mai da shi gida. Ya mutu a Tuskegee jim kaɗan bayan isarsa, yana da shekara 59, aka binne shi a harabar makarantar. Ya bar gine-gine fiye da 100 da ɗalibai kimanin 1,500. A zamanin magajinsa Robert Russa Moton aka fara karatun digiri, a 1985 kuma makarantar ta zama jami'a, inda a yau ake ba da digiri a fannin kasuwanci da na koyarwa. A 1940 hotonsa ya fito a kan sarkin gidan waya, baƙar fata na farko da aka yi wa haka a Amurka.