Frank Whittle: Yaron Da Jiragen Wasa Suka Buɗe Wa Ƙofa

Da yawa daga cikinmu a nan Mai'adua mun taɓa ƙera mota ko jirgi da karan dawa da gwangwani, wasu ma an yi musu faɗa wai ɓata lokaci ne. Shi ya sa a wannan makon na kawo muku tarihin wani mutum da irin wannan wasa ya kai shi inda bai zata ba.

An haifi Frank Whittle ranar 1 ga Yuni, 1907, a garin Coventry na ƙasar Ingila. Mahaifinsa makaniki ne, ba mai kuɗi ba. Tun yana ƙarami yake taya shi aiki, idan ya tashi kuma ya wuce laburare ya karanta littattafan injuna.

Yana da shekara 15 ya nemi shiga rundunar sojan sama, aka ƙi shi saboda gajere ne kuma ƙirjinsa ƙarami. Ya yi wata shida yana motsa jiki, ya koma, aka sake korar sa. Sai a karo na uku aka ɗauke shi, a shekarar 1923, a matsayin mai koyon gyaran jirgi a Cranwell.

A can ya shiga ƙungiyar masu ƙera ƙananan jiragen kwaikwayo. Kyan jiragensa ya ja hankalin shugabansu, wanda ya lura cewa yaron gwanin lissafi ne. A 1926 ya ba da sunansa aka kai shi kwalejin hafsoshi, inda ya koyi tuƙin jirgi. Da wuya ɗan talaka ya shiga wannan kwaleji a wancan lokaci.

A zamanin, duk jirage da farfela suke tashi. Whittle ya yi tunanin wani inji dabam: iska ta shiga ta gaba, a matse ta, a fesa mata mai a kunna wuta, ta fita ta baya da ƙarfi, ta tura jirgin gaba. Idan ka hura balan-balan ka sake ta, ka ga misalin abin. Wannan shi ne injin jet.

Ya yi wa ƙirƙirar tasa rajista a 1930, amma hukuma ba ta kula ba. A 1935 rajistar ta mutu saboda ya rasa fam 5 na sabuntawa. Duk da haka bai karaya ba. Shi da abokansa suka kafa kamfanin Power Jets a 1936, injinsa kuma ya fara aiki ranar 12 ga Afrilu, 1937.

Rashin kuɗi da jinkirin hukuma sun jawo asara. Jamusawa suka riga su tayar da jirgin jet a watan Agusta, 1939, da injin Hans von Ohain. Jirgin gwaji mai injin Whittle, wato Gloster E.28/39, sai ranar 15 ga Mayu, 1941 ya tashi. Ya yi minti 17 a sama, a Cranwell ɗin nan da ya fara ƙera jiragen wasa.

Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma a 1948. Daga baya ya koma Amurka, ya rasu a can a watan Agusta, 1996, yana da shekara 89. Yau jiragen da ke kai alhazanmu Saudiyya daga Katsina da Kano da injin jet suke tashi.

'Yan uwa, kada mu raina aikin hannunmu, amma mu haɗa shi da lissafi da kimiyya. Malamanmu kuma, don Allah idan kun ga yaro da jirgin kara, ku tsaya ku duba kafin ku ce ya jefar. Da shugaban Whittle bai duba ba, da wataƙila ba mu ji sunansa ba.

Daga ɗalibin aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida