Tarihin Likita Banting, Mai Allurar Ciwon Sukari

Kawuna na Safana ya shekara shida yana fama da ciwon sukari, kullum safe da yamma sai ya yi wa kansa allurar insulin. Da yake babu wuta, a gindin randa ake ajiye kwalbar, cikin jiƙaƙƙen yashi, don kada zafi ya ɓata ta. Duk hutun da na tashi daga Batsari na je gaishe shi sai na ɗauke ta na duba. Abin da ya sa ke nan na nemi labarin wanda ya samo maganin.

Sunansa Frederick Banting, ɗan manoma ne, an haife shi a Kanada ran 14 ga Nuwamba, 1891. Ya yi karatun likita a Jami'ar Toronto, ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya, har aka yi masa rauni a Faransa cikin 1918. Da ya komo ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya, amma kasuwa ta ƙi, a watan farko dala 4 kacal ya samu.

A wannan zamani in irin ciwon nan ya kama yaro, to, sai dai jiran ajali. Likitoci sun san cewa wani ɗan nama da ke bayan tumbi, mai suna fankiriyas, shi ke tsare sukarin jini, amma tatso maganin daga cikinsa ya gagara. Cikin 1921 Farfesa Macleod ya ba Banting ɗakin gwaji da karnuka da wani ɗalibi, Charles Best. Daga baya James Collip ya tace ruwan da suka samo. A watan Janairu na 1922 aka yi wa Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14, allurar, ya kuwa farfaɗo.

To, ga inda na ga laifinsa. Al'adar masu bincike ce kowa ya ambaci waɗanda suka riga shi a cikin rubutunsa, kamar yadda malaman zaure kan faɗi wurin wanda suka ɗauki karatu. Da yawan ambaton nan ake auna darajar mutum. Wani masani ɗan Romaniya, Nicolae Paulescu, ya riga ya buga irin wannan gwaji a kan karnuka cikin 1921, da Faransanci. A takardarsu ta Fabrairu 1922, Banting da Best sun ambace shi, amma suka fahimci Faransancin a baibai, suka nuna kamar gwajinsa bai yi wani tasiri ba. Paulescu ya mutu a 1931 ba tare da an gyara ba. Sai a 1969 Best ya amsa kuskuren cikin wata wasiƙa.

Shi ma Banting ya ɗanɗana irin wannan haushi. Da aka ba shi kyautar Nobel ta 1923 tare da Macleod, aka bar Best, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya raba kuɗinsa biyu ya ba Best rabi. A shekarar nan kuma aka sayar wa jami'ar haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗaya ɗaya. Da na gaya wa Kawu haka sai ya yi dariya, ya nuna mini takardar kuɗin da ya biya a Katsina.

Banting ya mutu a haɗarin jirgin sama ran 21 ga Fabrairu, 1941, yana da shekara 49. Ranar haihuwarsa ce aka mai da ranar ciwon sukari ta duniya.