Byang Kato: Yaron da Ya Ƙi Gadon Tsafi

A hutun da ya wuce na je gida Bunkure, ana tsakiyar noman rani. Kawuna ya kira ni bakin kanal, inda ruwan Tiga ke ratsa gonar tumatirinsa, ya danƙa mini 'yar laya, wai in sa a aljihu ranar jarrabawa. Shi ma ya binne irinta a kusurwar gona saboda tsutsa. Kuma fa dukanmu biyu ba ma fashin coci! Na karɓa don kunya, tunda shi ke biya mini kuɗin makaranta. A mota, hanyar dawowa Kano, sai Byang Kato ya faɗo mini a rai.

An haifi Kato a 1936 a Kwoi, ƙasar Jaba, a kudancin jihar Kaduna ta yau. Tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi domin ya gaji tsafin gidansu. Amma ya shiga makarantar mishan ta SIM, yana ɗan shekara 12 ya ba da gaskiya ga Yesu. Uban ya fusata, har da duka. Yaron bai ja da baya ba, ya riƙa yin 'yan ayyuka yana biya wa kansa makaranta. Daga baya iyayen ma suka zama masu bi.

Ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a Igbaja, sannan a Landan. A 1967 ya zama babban sakataren ECWA. A 1973 aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, ɗan Afirka na farko a kujerar. A 1974 ya sami digirin dakta a ilimin tauhidi a Dallas ta Amurka.

Babban abin da ya dame shi, wanda ya rubuta littafinsa Theological Pitfalls in Africa a kai, shi ne gauraya bangaskiya da wani abin bauta. Bai nemi mu yar da harshenmu ko suturarmu ba. Raba ƙafa ya ƙi: ɗaya a coci, ɗaya a ɗakin boka.

Ranar 19 ga Disamba 1975 ya nutse a teku kusa da Mombasa ta Kenya, yana da shekara 39. Shekara ɗaya kacal da samun digirin nan. Da takarda ce madogararsa, ai da an yi asara.

To, 'yan'uwa ɗalibai, mu namu gumakan ba na itace ba ne. Wani wayarsa yake fara taɓawa da asuba kafin ya tuna da addu'a. Wani kuɗin abincinsa na wata ya ƙare a cacar ƙwallo. Wata kuma ta yarda za ta yi komai, ko mene ne, don sakamako ya yi kyau. Duk abin da ka ji in an raba ka da shi rayuwarka ta ƙare, duba shi da kyau, ya hau kujerar da ba tasa ba.

Layar tana nan ƙasan jakata, kuma jarrabawa saura mako biyu. Ranar Asabar zan shiga mota in koma Bunkure, in durƙusa in gaida Kawu, in mayar masa da ita da hannu biyu. Gabana na faɗuwa, don kuɗin zango mai zuwa a hannunsa yake. Amma yaro ɗan shekara 12 ya fuskanci abin da ya fi wannan.