Waliyyi Iraniyus, Mai Sulhunta 'Yan'uwa

An haifi Iraniyus wajen shekara ta 130 a Asiya Ƙarama, ƙasar Turkiyya ta yau. Ma'anar sunansa da Helenanci ita ce mai salama. Yana yaro a birnin Simirna ya saurari koyarwar Bishop Polikap, wanda shi kuma ya zauna a gaban Manzo Yohanna.

Daga baya ya zama firist a Liyon, cikin ƙasar da ake kira Faransa yanzu. A shekara ta 177 ikilisiyar ta aike shi Roma da wasiƙa. A wannan shekara tsanani ya auka wa masu bi na Liyon, aka kashe da yawa, Bishop Potinus mai shekara fiye da 90 ya rasu a kurkuku. Da Iraniyus ya komo, shi aka ɗora wa kiwon garken da ya ragu. Ya tattara su, ya rubuta littattafai 5 domin kare bangaskiyar manzanni daga koyarwar ƙarya.

Wajen shekara ta 190 gardama ta tashi a kan ranar Idin Tashin Ubangiji. Ikilisiyoyin Asiya suna kiyaye shi ran 14 ga watan Nisan na Yahudawa, Roma kuwa sai ranar Lahadi. Paparoma Biktor, ɗan Afirka, ya ɗaura niyyar yanke zumunci da mutanen Asiya. Iraniyus kansa mai bin Lahadi ne, duk da haka ya rubuta wa Paparoma cikin ladabi, ya tuna masa cewa Polikap da Paparoma Anisetus sun saɓa a kan wannan batu, amma suka yi tarayya a bagade guda, suka rabu lafiya. Zumunci kuwa bai yanke ba.

Ya rasu wajen shekara ta 202. A 2022 Paparoma Faransis ya ba shi laƙabin Malamin Ɗayantaka. Ana tunawa da shi ran 28 ga Yuni.

'Yan'uwa na Birnin Kudu da Gwaram, mu ƙaramin garke ne, ga Hausawa, ga baƙi masu harsuna dabam dabam. In muka bar bambancin al'ada ya raba mu, da wane baki za mu yi wa maƙwabta albishir? Tsintsiya sai da ɗauri take shara.

Waliyyi Iraniyus, ka yi addu'a dominmu.