Hubert Ogunde, Mai Wasan Kiɗa da Rawa

A ƙauyukan ƙasar Katsina, irin su Yasore da sauran garuruwan Batsari da Safana, in watan azumi ya kwana goma yara su kan fita tashe. Wani ya sa gemun auduga ya zama tsoho, waɗansu su bi shi da waƙa da rawa. Wasa ne na 'yan kwanaki, in an yi salla sai a bar shi. Amma an yi wani mutum a Nijeriya wanda ya ɗauki irin wannan wasa ya mai da shi sana'a, ya rayu a kanta fiye da shekara arba'in. Sunansa Hubert Ogunde.

An haife shi a shekarar 1916 a wani gari da a ke kira Ososa, kusa da Ijebu-Ode, a ƙasar Yarabawa. Ubansa limamin Kirista ne, kakansa na wajen uwa kuwa mai bin addinin gargajiya ne. Saboda haka yaron ya tashi yana jin waƙoƙin coci, yana kuma jin gangunan Yarabawa, duka biyu suka zauna masa a kunne. Da ya gama makaranta ya yi aikin koyarwa, sa'an nan a 1941 ya shiga aikin ɗan sanda.

Yana ɗan sanda a Ikko ne wata coci ta roƙe shi ya shirya mata wasa don a tara kuɗi. A 1944 ya nuna wasan a babban ɗakin taro na Glover. Labarin Adamu da Hauwa'u ne a cikin Aljanna, amma da waƙa a ke ba da shi, ana kiɗa ana rawa. Mutane suka yi murna ƙwarai. Ba a daɗe ba ya ajiye kakin ɗan sanda, ya kafa ƙungiyarsa. Wannan kasada ce babba, gama ya bar albashi tabbatacce ya kama abin da jama'a ke ɗauka shashanci ne.

Aikin mai shirya irin wannan wasa ya fi yadda a ke zato wuya. Shi ne ke ƙaga labari, ya tsara waƙa, ya koya wa kowa tasa. Sa'an nan ya tsara rawa: wane zai fito daga dama, wane daga hagu, taki nawa za a yi kafin a juya, a wane bugun ganga za a tsaya cik. In mutum guda ya yi kuskuren taki, sai duk layin ya lalace. Don haka kowane ɗan ƙungiya sai ya iya waƙa da rawa da kwaikwayo, ya kuma riƙa sauraron makaɗa. Ogunde ya kan buɗe kowane wasa da waƙa da rawa ta dukan ƙungiya, kafin a shiga labari. A 1947 har Ingila ya tafi, ya shiga makarantar rawa a London, ya koyo irin takun Turawa ya gauraya da na gida.

Wata wahala kuma ita ce samun mata. A zamanin nan iyaye ba su yarda 'yarsu ta hau dandali ta yi rawa a gaban jama'a ba, wadda ta zo ma ba ta daɗewa. Dabarar da ya yi ita ce ya auri da yawa daga cikin 'yan wasansa, har ƙungiyar ta zama kusan iyalinsa ce. Haka su ke loda kaya da ganguna a babbar mota, su bi gari gari, su yi wasa a makarantu da ɗakunan taro.

Wasanninsa ba na dariya kaɗai ba ne, shi ya sa ya sha gamuwa da hukuma. A 1945 ma'aikatan Nijeriya suka yi yajin aiki fiye da wata guda, ya yi wasa a kan wannan. Da ya kai shi Jos a 1946 sai 'yan sanda suka tsai da shi. A 1949 kuma aka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu, ya shirya wasan da ya kira Bread and Bullet, watau Burodi da Harsashi. Da ya iso Kano da shi a 1951 aka hana nuna shi, aka kai shi kotu aka ci shi tara.

Bayan an sami mulkin kai ma bai huta ba. A 1964 ya yi wasan Yoruba Ronu, watau Yarabawa ku yi tunani, a kan shugaban da ya ci amanar mai gidansa. Gwamnatin Jihar Yamma, ta Firimiya Akintola, ta ga da ita a ke, ta hana ƙungiyarsa wasa a duk jihar. Nan kuwa ne masu jin harshensa su ke, nan abincinsa ya ke. Sai a 1966, da soja suka karɓi mulki, aka ɗage hanin. Shekara guda bayan haka aka aika da ƙungiyarsa babban baje koli na duniya a Montreal, ƙasar Kanada, ta wakilci Nijeriya.

Da ya manyanta ya koma yin fim, na farko shi ne Aiye. A 1986 Gwamnatin Tarayya ta ba shi aikin tattara gwanayen rawa da kiɗa daga sassan ƙasa, don a kafa ƙungiyar wasa ta ƙasa baki ɗaya. Aikinsa na ƙarshe shi ne fitowa a fim ɗin Mister Johnson, wanda aka ɗauka a Arewa. Ciwo ya kama shi, aka kai shi asibiti a London, can ya rasu ran 4 ga Afrilu, 1990, yana da shekara 73. Aka kawo gawarsa Ososa aka binne. Gidansa na can an mai da shi gidan tarihi, inda aka ajiye gangunansa da tufafin wasansa.